Yadda Ake Ɗaukar Zobe, Lalle da Kayan Lefe da Lens ɗin Makro a Wurin Biki

Lallen da amarya ta kwashe rabin yini ana zana mata, kafin sati uku ya goge. Sarƙar gwal ɗin da aka sa a lefe, ana gama biki za ta koma akwati. Aikin da ke ƙirjin babbar rigar ango kuwa, wani ne ya zauna da zare da allura yana yi a hankali, amma a hoton taro tabo kawai ake gani. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne aikin lens ɗin makro, wato gilashin kyamara mai ɗaukar ƙaramin abu daga kusa ya fito babba. Aiki ne na abin da bai fi rabin awa ba a cikin biki guda, sai dai rabin awar nan tana da nata ƙa'idoji, kuma mafi yawan hotunan zobe da ke lalacewa ba laifin kyamara ba ne. Ko dai mai hoton ya matsa kusa fiye da kima, ko ya buɗe afacha, wato ƙofar da haske ke bi a cikin lens, har ƙarshe, ko kuma bai kula da inda haske yake fitowa ba.

Mataki na farko: san abin da za ka saya

Makro na gaskiya shi ne wanda yake kaiwa 1:1. Ma'ana, abu mai tsawon santimita ɗaya zai zauna a kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, da tsawon santimita ɗaya cif. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24, don haka zobe ɗaya tak ya kusa cika hoton daga sama har ƙasa. Akwai lens ɗin zum da yawa da aka rubuta musu makro a jiki alhali iyakarsu 1:3 ko 1:4, wato abu ya zauna a sensa da kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na girmansa. Suna ɗan taimakawa, amma ba su muke magana a kai ba.

Don aikin biki, nemi mai tsawo tsakanin milimita 90 zuwa 105. Canon na da 100mm f/2.8, Nikon na da 105mm f/2.8 (su Micro suke rubutawa a jikin nasu), Sony na da 90mm f/2.8, sannan ga Tamron 90mm, Sigma 105mm da Tokina 100mm waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, kuma aikinsu ba abin rainawa ba ne. Dalilin zaɓen wannan tsawon shi ne tazara. Da lens mai milimita 100, ko ka kai ƙarshen kusanci akwai kusan santimita 14 tsakanin bakinsa da abin da kake ɗauka. Da mai milimita 40 kuwa sai ka kusa dangwala shi a jikin zoben, inuwarka ta rufe hasken. Ga kuma batun kunya: namiji mai hoto ya sunkuya har numfashinsa na taɓa hannun amarya a gaban gwaggonninta, ba tsari ba ne. Ƙarin riba, wannan lens ɗin yana ɗaukar hoton mutum daga ƙirji zuwa sama da kyau, ba zai zauna a jaka yana jiran zobe kaɗai ba.

In na hannu za ka saya, cire murafunsa biyu ka haska fitilar waya ta ciki. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a jikin gilashin, fumfuna ce, ka bar musu kayansu.

Wanda aljihunsa bai kai ba, akwai zoben ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da lens. Babu gilashi a cikinsa, nisanta lens yake yi daga sensa don ya iya gani kusa. Yawanci uku suke zuwa, na milimita 12 da 20 da 36. Ka ɗaura na 20 a bayan lens ɗinka na 50mm, ka kai wajen 1:2, wanda ya isa zobe da 'yan kunne. Amma ka sayi mai 'yan ƙarafunan lantarki a jiki, domin marar su zai hana ka sarrafa afacha a yawancin lens na zamani. Kuma muddin yana ɗaure, kyamara ba za ta ga abin da ke nesa ba. In aka ce ga ango ya shigo, sai ka kwance shi tukuna.

Mataki na biyu: a gama magana tun kafin ranar

Wannan ya fi saitin kyamara muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Tun ranar da ake ciniki, tambayi wadda ke riƙe da hidimar: wace rana za a kawo lefe, yaushe za a yi lalle, a wane ɗaki za a yi wa amarya kwalliya, kuma wa ke ajiye da gwala-gwalan. Ka roƙi a ware maka minti ashirin kafin ƙawaye su cika ɗakin. Lokacin da mai kwalliya take tsakiyar aiki shi ne mafi dacewa, domin amarya ba ta buƙatarka, kayan kuma ba a sa su ba tukuna.

Gwal amana ce mai nauyi. Kada ka karɓi sarƙa ka fita da ita tsakar gida kai kaɗai don wai haske ya fi kyau a can. Ka ce, "Hajiya, don Allah a haɗa ni da mutum ɗaya ya tsaya a kan kayan nan har in gama." A ƙirga a gabanka, zobe nawa, warwaro nawa, 'yan kunne nawa, in ka gama a sake ƙirgawa. Gidan biki ne, hannaye da yawa ke shiga suna fita, kuma in ɗan kunne ɗaya ya ɓace, baƙon da ya taɓa shi ake fara tunawa. Mata masu hoto sun fi samun sauƙin shiga ɗaki, amma wannan ƙa'idar ta hau kansu su ma.

Mataki na uku: 'yan tarkacen da za su shiga jaka

Farin kwali biyu da baƙi ɗaya, kowanne kamar girman littafin makaranta. Tsumma mai laushi na goge tabarau. Ɗan famfon roba na hure ƙura. Ƙaramar fitilar caji. Ɗan guntun kakin zuma da za a liƙa a ƙasan zobe don ya tsaya da kansa. Shi ke nan. Ƙafar kyamara tana da amfani, sai dai a ɗakin amarya mai cike da akwatuna da yara, sau da yawa takura take zama.

Ƙura kuma sai an yi da gaske, musamman bukukuwan Disamba da Janairu da ke faɗowa tsakiyar hunturu. Ƙurar da ke kan sensa ba ta fitowa in afacha na buɗe a f/2.8, amma da ka tsuke ta zuwa f/11 za ta bayyana ɗigo-ɗigo. Daren jajibiri, sa kyamara a f/16 ka ɗauki farin bango ka duba. In akwai datti, ka hure tun a gida. Kada ka canza lens a fili iska na kaɗawa.

Mataki na huɗu: haske

Nemi taga. Ja ɗan tebur ko kujera kusa da ita, yadda hasken zai zo daga gefe ko daga baya kaɗan, ba daga bayanka ba. In rana ce ke dukan wurin kai tsaye, a saki farin labule ko a rataya farin mayafi. Sannan ka nemi izini a kashe ƙwan ɗakin. Hasken taga da na ƙwai launinsu ba ɗaya ba ne, in suka haɗu a jikin zinare sai gefe ɗaya ya yi ja, ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi, kuma gyaran wannan a kwamfuta wahala ce.

Abin da ya kamata ka riƙe game da gwal shi ne, madubi ce. Ba zoben kake ɗauka ba, abin da zoben yake kallo kake ɗauka. In ɗakin da duhu, zoben zai fito baƙi-baƙi. In jar riga ce a jikinka, za ka ga jan a cikinsa. Shi ya sa ake sa farin kwali a ɗaya gefen, daura da taga, a riƙa matsar da shi ana kallo ta kyamara har sai fari mai laushi ya kwanta a jikin ƙarfen. Baƙin kwalin kuma a ɗan leƙo da shi ta gefe, ya zana siririn layi mai duhu a bakin zoben. Wannan layin ne ke nuna cewa abin zagayayye ne. In babu shi, zoben zai yi kamar an zana shi a takarda.

Dutsen kan zobe shi kuma akasin haka yake so. Haske mai laushi yana kashe masa ƙyalli. Bayan ka gama daidaita taga da kwali, ba wa ƙawar amarya ƙaramar fitilar ka ce, "Anti, ɗan ja baya da ita, ki riƙa juyawa a hankali har in ce ya isa." Za ka ga lokacin da dutsen ya kama wuta.

In dare ne ko a zauren dina, sai filasha. Kada ka harba ta kai tsaye daga saman kyamara. A wannan kusancin ko dai ta tsallake abin, ko bakin lens ya yi masa inuwa, ko ta ƙona gwal ɗin ta zama fari fat. Juya kanta ta daki farin silin ko farin bango, ko ka cire ta daga kyamara wani ya riƙe maka a gefe, da farin kwali tana dukansa. Ka duba launin silin ɗin tukuna, in mai ruwan katako ne zai rina maka komai. Filasha tana da wata fa'ida babba: walƙiyarta gajeriya ce ƙwarai, tana tsayar da rawar hannu. Saurin shota dai, wato ɗan lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, kada ya wuce iyakar da kyamararka ke tafiya da filasha, wanda yawanci 1/200 ne ko 1/250 na daƙiƙa.

Wani abu da ke cin mutane a zauren biki shi ne ratsi-ratsin da fitilun LED masu arha ke jawowa. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilun suna ƙiftawa ido bai gani, amma shota marar ƙara tana kamawa. Koma shota ta ainihi mai ƙara, ko ka sauka 1/100. In janareta ne ke aiki, sai ka gwada ka duba, domin ba kullum yake tafiya daidai ba.

Mataki na biyar: saitin kyamara

A nan ne wanda ya saba da hoton fuska yake faɗawa rami. Ya saba buɗe lens har f/2.8 don baya ya narke, sai ya kawo wannan ɗabi'ar kan zobe. To ga lissafin a babbar sensa. A 1:1, in kana f/2.8, kaurin wurin da zai fito tar bai kai rabin milimita ba. A f/8 kusan milimita ɗaya ne. Ko dutsen zoben ba zai fito duka ba, balle zoben. Ja baya zuwa 1:2, f/8 ɗin nan zai ba ka kusan milimita 3. A 1:4, wajen santimita ɗaya.

Abin da lissafin ke cewa a fili yake: matsawa baya ya fi tsuke afacha amfani. Don lens yana kaiwa 1:1 ba dole ne ka kai shi can ba. Ni a ganina yawancin hoton zobe mai kyau tsakanin 1:2 da 1:3 yake, inda zoben zai fito sosai kuma a ga ɗan abin da yake zaune a kai. Kyamarorin yanzu suna da yalwar da za ka yanke hoton daga baya ba tare da ya fashe ba. Ka ajiye 1:1 don abu ɗaya ko biyu, kamar sunan da aka zana a cikin zobe.

Fara da f/8. In abin shimfiɗaɗɗe ne kamar katin gayyata, f/5.6 ta isa. In mai tudu da kwari ne kamar sarƙa mai duwatsu, je f/11. Daga f/16 zuwa sama kuma hoton gaba ɗaya yake fara laushi, saboda haske na watsuwa in ƙofar ta yi ƙanƙanta da yawa. Kada ka damu da baya, a wannan kusancin ko a f/11 zai narke.

Saurin shota, in da hannu kake riƙe da kyamara kuma hasken taga ne, kada ya gaza 1/200, in da hali 1/320. Na'urar hana rawa da ke cikin lens tana rage girgiza, amma ba ta hana jikinka yin gaba da baya, kuma wannan ne ke kashe hoton makro. Ka kuma sani cewa kusanci yana cin haske: a 1:1 kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa sensa. Masu Nikon za su ga lambar afacha tana hawa da kanta in sun matsa kusa, lens ɗin bai lalace ba, gaskiyar hasken yake faɗa. Canon ba ta nunawa, amma asarar tana nan. Saboda haka kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, zuwa 800 ko 1600. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil mai sauƙin gyara a kwamfuta, kuma ka fara da hoto ɗaya da farin kwalin a ciki, don ka daidaita launi da shi daga baya.

Mataki na shida: kama fokos

Fokos na atomatik a wannan kusancin yawo yake yi, ya tafi can ya dawo, ƙarshe ya kama bayan zoben. Kashe shi. Juya zoben fokos na jikin lens da hannu har girman da kake so, sannan ka bar shi haka. Kafa gwiwar hannunka a tebur ko ka matse su a haƙarƙari, ka riƙa matsawa gaba a hankali da jikinka. Da wurin da kake so ya fito, danna ka riƙe, kyamara ta harba biyar ko shida a jere. A ciki za a samu ɗaya da ya zauna daram. In kyamararka tana haska gefen abin da ya shiga fokos da launi, kunna wannan, ko ka faɗaɗa hoton a allo kafin ka danna.

A zobe mai dutse, fokos a fuskar dutsen da ke kallonka yake zama, ko a 'yan ƙusoshin da suka riƙe shi. A sarƙa, a tsakiyar abin wuyan. Wata dabara kuma, sa bayan kyamara ya yi daidai da shimfiɗar abin. In ka ɗauki kati daga sama kai tsaye, duk rubutun zai fito. In ka karkata, layi ɗaya kawai za a karanta.

Kafin ka mayar da kaya, faɗaɗa hoton har ƙarshe a bayan kyamara ka duba. A ɗan ƙaramin allo komai kyau yake yi.

In ka koma ɗaukar mutane da lens ɗin, mayar da atomatik, sannan ka tura makunnin da ke gefensa wanda ke hana shi neman kusa. Zai yi sauri sosai.

Mataki na bakwai: kowane kaya da yadda ake bi da shi

Zobe da sarƙa a goge su da tsumma tukuna, shatin yatsa ɗaya a makro kamar tabon mai yake fitowa. Abin da za ka ɗora su a kai, daga kayan bikin za ka ɗauko: mayafin amarya, leshin da za ta sa, shaddar ango, murfin akwatin lefe. Yadi mai zane da yawa yana haɗiye zobe, nemi wurin da ya fi natsuwa. Kuma ga wani abu na sirri. Makro yana fito da hatimin da ke jikin gwal, 750 na karat 18, 875 na 21, 916 na 22. Haka nan yana tona wadda ruwan gwal kawai aka yi mata, har inda ya fara koɗewa. In ka ga haka, juya wannan gefen baya ka yi shiru da bakinka. Hoto aka kira ka ɗauka.

Lalle shi ne ya fi cancantar lokacinka. Jan lalle ba ranar da aka wanke shi yake nuna ba, sai ya kwana ɗaya ko biyu yake yin duhu, don haka hoton ranar kamu ko ranar ɗaurin aure ya fi na ranar zane launi. Amma ranar zanen ma tana da nata: bakin ledar mai lalle yana fitar da siririn zare a kan fata, hannunta riƙe da yatsan amarya. A nan motsi ake yi, ɗaga shota zuwa 1/400. Don bayan hannu guda, wajen 1:4 kake so, wanda ke ɗaukar kusan santimita 14 a faɗi. Amarya ta ɗora hannun a cinyarta ko a kan matashi, domin hannun da ke sama rawa yake yi. Ta saki yatsun, kada ta sandare su. Kai ba za ka taɓa ta ba, ka ce da ƙawarta, "Ɗan juya mata zoben ya kalli taga, ki gyara warwaron." In fatar ta bushe, makro zai nuna kowane fari da kowace tsaga, a shafa mai kaɗan a goge da tsumma. In ya yi yawa, ƙyalli zai rufe zanen. Hasken gefe yana fito da gashin hannu da ƙurajen da ido bai lura da su ba, don haka a nan juya hannun ya ɗan fuskanci taga.

Ɓangaren ango kullum shi ake mantawa. Aikin aska takwas a babbar riga, saƙar hular zanna, agogo, maɓallin hannun riga. Ɗinki yana son haske daga gefe sosai, yadda kowane zare zai yi 'yar inuwarsa. Ka kama shi kafin a tafi masallaci, domin bayan ɗaurin aure riga ta yamutse da runguma da gumi.

Turaren wuta, sa kaskon a gaban wuri mai duhu, haske ya zo daga bayan hayaƙin. Kada ka daɗe, hayaƙin yana barin maiƙo a gilashi. Goro, dabino da alewar ɗaurin aure, hoto ɗaya ya wadatar.

Fuskar amarya kuwa, a yi hattara. Hoton ido da kwalli yana kyau in an dace, amma lens ɗin nan ba ya rufa asiri: gam ɗin gashin ido, hodar da ta taru a gefen hanci, duk zai zayyano. Tsaya daga nesa kaɗan, haske ya zo daga gaba.

Mataki na ƙarshe: a kwamfuta

Daidaita launi da hoton farin kwalin nan, sannan ka ɗan mayar da ɗumi kaɗan don gwal ta yi kama da gwal. Faɗaɗa hoto ka goge ƙura da zaren yadi ɗaya bayan ɗaya. Kada ka cika wa lalle launi har fatar ta koma ruwan lemo, amarya ta san kalar hannunta. A albam, shafi biyu na irin waɗannan hotuna sun isa, a warwatsa sauran a gefen manyan hotuna.

Kafin ka sa wani a Instagram don tallar aikinka, tambayi masu biki. Katin gayyata yana ɗauke da adireshi da lambobin waya waɗanda makro ya fito da su ɓaro-ɓaro, hoton gwala-gwalai kuma yana gaya wa duniya abin da ke ajiye a gidan. In sun yarda, shafe lambobin da adireshin, sannan ka bari sai an kai amarya ɗakinta.